Zango a Gaɓar Dallol: Ina Za a Kwana?

A watan jiya mun yi zancen ajiyar wake. Wanga wata zancenmu na tafiyar ƙasa ne da wurin kwana a daji.

Ga mafarin zancen. A ajinmu na yaƙi da jahilci akwai wani saurayi da ya ci rani 2 a Lome. Ran da munka koyi rubuta kalmar "teku", sai ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, ni na ga teku da idona." Munka ce to, ba mu labari. Ya ce ruwan ba shi da ƙarshe, kuma gishiri gare shi, ko akuya ba ta shan shi. Amma ba ruwan ya fi ba shi mamaki ba. Mutane ne.

Ya ce: "Akwai masu gida da gado da fanka. Sai su rufe gidan, su zo bakin ruwa su kafa tanti, su kwana bisa rairayi. Da safe su rataya jaka su yi ta bin gaɓa da ƙafa. Ba kasuwa za su ba, ba gaisuwar rasuwa za su ba. Kallo kawai. Kuma kowa cikinsu neman inda babu mutane shike yi."

Aji ya kwashe da dariya. Can baya akwai wani dattijo Bafillace, shi ne babba cikin ɗalibaina, duka muna ce mashi Baba. Ya bari dariya ta kwanta, sannan ya ce: "Ashe mu masu hutu ne ba mu sani ba. Shekara 50 ke nan ina bin gaɓa ina neman wurin kwana, ba wanda ya taɓa ce mani wasa nike."

Baba ya yi gaskiya. Mu a Nijar ba mu da teku. Daga Dogon Dutsi zuwa bakin teku a Kwatano kimanin kilomita 1000 ne. Amma muna da gaɓa. Wanda ya hau dutsin da ke bayan garin Dutsi da sassafe ya dubi ƙasa, za shi ga kwari mai faɗi ya miƙe kudu da arewa, duwatsu jajaye sun tsaya a bakinshi kamar katanga. Wanga kwari shi ne Dallol Mawri. Masana sun ce babban kogi ne da ya gudana shekaru dubbai da sunka wuce, lokacin da ruwan sama ya fi na yanzu yawa. Ya taso daga arewa, ya bi ta Matankari da Dutsi da Kiyeshe da Kore Mairuwa, ya wuce ƙasar Tibiri da Gesheme, ya faɗa kogin Kwara can wajen Gaya. Kogin ya ƙafe, gaɓarshi ta tsaya. Ruwan ma bai tafi duka ba, ƙasa ya shige. Shi ya sa rijiyar kwari gajera ce, ta bisa tudu kuwa sai da igiya mai tsawo. A 2004 anka sa kudancin dallol ɗin cikin jerin wuraren ruwa da ƙasashen duniya sunka yarda a kiyaye, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Bisa wagga gaɓa muke noma, bisa ita muke kiwo. Kuma kowa cikinmu wata rana dare za shi riske shi a kanta: makiyayi da garke, mai amalanke da za shi kasuwa, mai zuwa suna ko biki. Tambayar ita ce: ina za shi shimfiɗa tabarma ya tashi lafiya?

Bari in fara da wautar da na yi da kaina, don kada wani shi maimaita ta.

Shekara 6 ke nan. Farkon damina ne, an yi shuka, hatsi bai rufe ƙasa ba. Ni da ƙanena munka tashi za mu sunan ɗan ƙanwarmu a wani ƙauye kudu da Kiyeshe. Da ƙafa muke, muna jaye da rago. Mun makara wurin tashi, ragon kuma ya yi ta turjewa. Magariba ta yi muna daji. Sai munka iske wata ƙorama busassa. Rairayi fari tas, mai laushi, ba ƙaya ba ƙarangiya. Gaɓa ta kare mu daga iska. Na ce ma ƙanena: ko gidan sarki ba mu samun irin wanga shimfiɗa. Bisa kanmu taurari ne, ko ɗigon hadari babu. Can nesa wajen gabas dai ana walƙiya, amma ko tsawa ba mu ji.

Tsakar dare ragon ya fara fizgar igiya shina kuka. Na farka ina zagin shi. Sai na ji ƙara kamar babbar mota tana tafe, alhali babu hanyar mota a wurin. Ƙanena ya fi ni saurin ganewa. Ya ce: "Yaya, ruwa!" Munka kama ragon munka haye gaɓa da rarrafe. Ba mu gama hawa ba ruwan ya iso, da kumfa da itace da ƙasa. Inda kanmu shike ɗazu, ruwa ya fi tsayin mutum. Takalmanmu sunka tafi. Jakata ta tafi da littafin sunayen ƴan aji da zanen da na sayo ma mai jego. Har gari ya waye ko ɗigo bai sauka bisa kanmu ba.

Da munka isa ƙauyen ba takalmi, wata tsohuwa ta ji labari ta ce mani: "Ɗana, kai da ke karantar da mutane, wa ya ce maka a kwana ɗakin ruwa? Mai ɗaki ne ya dawo."

Ga yadda abin shike. Bisa tudu fako ne da tsakuwa, ƙasar ba ta shan ruwa. In anka yi ruwa can, ko da nisan rabin yini ne daga inda kake, duk shina tattaruwa shi gangaro ƙorama guda. Da, geza da sabara na tare shi. Yanzu an sare da yawa, sai shi taho da gudu. Shi ya sa ake aikin jera duwatsu da ginar rabin wata bisa tudu, don a rage mashi ƙarfi. Wanda za shi sauka kusa da ƙorama da damina, shi dubi itacen bakinta tukuna. Za shi ga yayi da tsumma sun maƙale a rassa. Nan ne ruwan bara ya kai. Shi hau sama da nan, shi ƙara hawa. In kuwa ka iske ƙorama tana gudu, kada ka ce ai iyakar gwiwa ne. Ruwan gwiwa mai gudu shina kada ƙato. Zauna ka jira. Ruwan ƙorama ba shi daɗewa, cikin sa'o'i kaɗan shike janyewa. A daminar 2024 ruwa ya kashe mutum fiye da 300 a ƙasarmu, wasu gini ya faɗa masu, wasu kuwa ruwa ya tafi da su.

To wanga na damina ke nan. Na rani kuwa wurin Baba na koye shi.

Bara, bayan hukuma ta saki gonaki, Baba ya ce za shi gangara kudu da shanunshi, wajen Tibiri. Aji na hutu, na roƙe shi in raka shi kwana 4. Ya dube ni ya ce: "Malam, ƙafarka ta alli ce ko ta ƙasa?" Na ce a gwada. Munka tashi mu 3 da jikanshi, da shanu 20 da ƴan kai, da jaki ɗauke da kaya. Baba ya taɓa zama garso, wato mai shiga gaba shi dubo ciyawa da ruwa da masauki kafin garkuna su taso. Idonshi ba irin namu ba ne.

Abu na farko da na lura, ba shi bari dare shi zaɓa mashi wuri. Da an yi sallar asuba muke tashi. Rana ta take, mu huta a inuwa. Kafin la'asar ya riga ya san inda za mu kwana. Ya ce wanda ya sauka da duhu bai san da wa ya kwana ba, ko maciji, ko suri, ko gonar mutane.

Kwana na 2 ne na ga abin da ya sa nike wanga rubutu. Munka iso wata gona mai gawo 3 manya. Kun san gawo, da damina shike zubar da ganye, da rani shi yi kore shar. Inuwa ta yi, ƴaƴan gawo sun zuba ƙasa, shanu har sun fara miƙa wuya. Ga kara tsaye. Gari da nisa, ba hayaniya. Ƙafata ta riga ta kumbura. Na ce: "Baba, ai mun samu."

Bai amsa ba. Ya zagaya gonar sannu. Ya nuna mani duma kwance cikin kara, ba a yanke ba. Ya nuna mani harawa an ɗaure an aza a cokalin itace. Ya nuna sawun jaki na jiya. Ya ce: "Mai gonar bai gama da ita ba."

Ni kuwa da ɗan karatuna na ce mashi ai ranar saki ta wuce. Doka ta ce bayan ranar, mai amfanin damina da ya bar shi a gona ba shi da diyya. Gaskiya na gare mu.

Baba ya ce: "Na sani, Malam. Gaskiya na gare mu. Barci fa, shina gare mu? In saniya ta taka duman nan, da safe mai gona za shi zo da ƙannenshi. Ni in ce doka, shi shi ce duma. Kafin a kai gaban mai gari wani ya ɗaga sanda. Ni wurin kwana nike nema, ba wurin shari'a ba."

Munka wuce. Ya bar jikan da shanu a burtali, ni da shi munka shiga gari munka yi sallama ƙofar mai gari. Baba ya faɗi sunanshi, da inda ya fito, da yawan shanunshi, da kwana nawa za shi yi. Ba a jima ba wani manomi ya ce shina son taki a gonarshi, ya kwashe kome nashi tun tuni. Ya sa yaro ya kai mu. Bayan magariba sai ga tuwo da miyar kuka daga gidanshi, da damen hatsi guda. Da safe jikan Baba ya kai masu nono. Wagga al'ada ta taki da hatsi tsohuwa ce tsakanin manomi da makiyayi a ƙasar Arewa. Inda ta mutu, nan faɗa ya fi yawa.

Da munka kwanta na tambayi Baba yadda shike auna nisan zango da gari. Ya ce: "Saurara." Na kasa kunne. Ana jin dakan mata can, tim, tim. Ya ce: "Kana jin abin da suke faɗi?" Na ce a'a. Ya ce: "To nan ne. Inda kake jin taɓarya amma ba ka jin magana. In kana jin magana, ka matse su, dabbarka za ta shiga masu gida. In ba ka jin taɓarya, ka yi nisa, ko ka yi kururuwa ba mai jin ka."

Ƴan uwa, na yi shekara 6 a lakwal, ban taɓa jin awo mai kyau kamar wanga ba.

A nan ne muka bambanta da mutanen da saurayinmu ya gani a Lome. Su inda babu kowa suke nema. Mu a dallol, wurin da ka ga babu kowa, tsaya ka tambayi dalili. Ko hanyar ruwa ce. Ko maƙabarta ce ta da. Ko wurin tsafin kakanni ne da mutanen gari ba su so a taɓa. Ko kuwa gona ce da mai ita ke zuwa gobe. Babu ƙasar da ba ta da mai ita. Matambayi ba shi ɓata.

Kuma ba zan ɓoye maku ba, akwai dalili sabo. A ƴan shekarun nan ƴan bindiga sun shiga wasu dazuzzuka, wajen Dogon Kiriya da Sukukutan a arewa, da kuma bakin iyaka da Najeriya. A watan Yuni 2024 an kai ma sojoji masu gadin bututun man fetur hari cikin gundumar Tibiri. Saboda haka baƙon da ya hura wuta a daji bai yi sallama da kowa ba, ya jawo ma kanshi zato ko da shi mutumin kirki ne. Kafin ka tashi, tambayi mai gari da waɗanda sunka fito can ko hanya lafiya. In an ce kada a bi, kada ka bi. Faɗa ma gida inda za ka kwana. Riƙe katinka na ɗan ƙasa a aljihu, da takardar allurar dabbobi in kana da garke. In da salula, a cika mata wuta, kuma a tuna ta fi kamawa bisa tudu.

Yanzu ga manoma, don kada su ce na ɗaure ma makiyaya gindi, ko makiyaya su ce su kaɗai nike ma wa'azi. Makiyayi ba shi samun wurin sauka in an nome burtali da hurumi. A tafiyarmu mun bi wani burtali da turakun siminti ke nuna faɗinshi, amma kunya ta ci shi dama da hagu, har saniya 2 ba su jerawa. Wanda ya yi haka ya ƙaru da damen hatsi 3, ya saya ma garinsu faɗa na shekara 10. Dokar ƙasar karkara ta ran 2 ga Maris 1993 ita ta kawo kwamitocin filaye da muke ce ma Kofo, a gunduma da ƙaramar hukuma har ƙauye. Dokar kiwo ta ran 20 ga Mayu 2010 ta ƙara tabbatar da cewa burtali da hurumi na jama'a ne, ba a noma su, ba a saida su. Ita ce kuma ta ce kowace shekara hukumar jiha ta tsaida ranar sakin gonaki bayan an shawarci manoma da makiyaya. Ana faɗin ranar a rediyo. Ku saurara, ku rubuta ta a bango, tunda yanzu kun iya.

Matsin ya ƙaru, kowa ya sani. Mutane sun yi yawa, gonaki sun hau har gindin dutsi. A ƙarshen 2019 ƙasar Benin ta hana garkunan waje shiga ƙasarta, shanu da yawa da sunka saba ƙetarewa sunka rasa inda za su. Dattawa kuma ba su manta Toda ba, a jihar Maraɗi, inda a watan Oktoba 1991 rikicin gona da kiwo ya ci rai fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. Allah shi kiyaye mu da ganin irin ta.

Sauran abubuwan da na gani wurin Baba ƙanana ne, amma suna hana kwanan zaune. Ba shi sauka bakin rijiya. Ya ce rijiya ta mata ce da asuba, ta garkuna ce da hantsi, wanda ya kwana bakinta ya tare hanya. Sai shi ja baya, kuma shi tambayi mai rijiya kafin shi zura guga. Ba shi sauka bakin tabki, don sauro da sanyi can suke taruwa. Jigawa shike hawa kaɗan, shi sa kurmin sabara tsakaninshi da gabas, inda iskar hunturu ke fitowa. Tsohon mashekari ma ba shi so, ya ce kaska na jiran baƙi. Garka kuwa, ko da shinge ko babu, nesa da ita.

Suri da tarin duwatsu gidan maciji ne, musamman kububuwa. Da safe a kakkaɓe takalmi saboda kunama. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana shi tafiya da ƙafa, a aza shi bisa amalanke, a nufi likita ba tare da jira ba.

Wuta kuma, a share ciyawa kewaye kafin a hura, a rufe toka da ƙasa kafin a tashi. Na ga Baba ya sa tafin hannu bisa wurin don shi tabbata ta mutu. Gawo ba a sare shi. Ƴaƴan da sunka zuba sun isa. Dokar daji ta 2004 tana nan, ma'aikatan gandun daji kuma suna yawo.

To, tafiyar kallo fa, irin ta mutanen Lome? Mun yi masu dariya, amma da na dawo na ga ba su yi wauta ba. Mutum shina iya tsufa a gindin dutsi bai taɓa hawa ya ga garinsu daga sama ba. Wata safiya na kwashi ƴan aji 11 munka hau dutsin Dogon Dutsi. Ba a fi sa'a guda ba mun kai. Daga can munka ga Tapkin Saw da garake kewaye da shi, kore shar, inda ake noman kwambitar ɗin da ya yi ma Dutsi suna har Yamai. Munka ga kwalta ta fito daga Doso ta nufi Ƙonni, manyan motoci bisa ita kamar tururuwa. Munka ga Tozon Bijimi, wanda ya ga siffarshi ya san dalilin sunan. Wani magidanci mai shekara 40 ya tsaya shina neman rufin gidanshi da yatsa kamar yaro. Abin da ya fi amfani, daga sama ana ganin hanyar kowace ƙorama, daga inda ta taso har unguwar da take nufa. Wanda ke shirin gina gida, ya kamata shi hau shi duba tukuna.

Mai son tarihi, arewa za shi nufa in hanya ta yi kyau. Matankari ba ta kai kilomita 20 daga Dutsi ba, tafiyar safiya guda ce, can ne tsohuwar fadar sarakunan Arewa. Gaba akwai Bagaji, garin Baura. Sai Lugu, cikin ƙaramar hukumar Dan Kasari, inda Sarauniya da mutanenta sunka tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ran 16 ga Afrilu 1899. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi kanta a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Waɗanga garuruwa suna da wuraren da baƙo ba shi zama, da itacen da ba a karya ma reshe. Ko kana ganin abin ya saɓa ma fahimtarka, kai baƙo ne. Nemi ɗan gari shi shiga gabanka.

Ni dai in an bar ni da zaɓi, kudu na fi so, hanyar da munka bi da Baba. Daga Kiyeshe zuwa Kore Mairuwa ƙasar a shimfiɗe take, gawo na bin gawo, ba ka rasa inuwa. Akwai gawasa, wadda ƙanshin ƴaƴanta ke tarbar mutum, da goriba a bakin fadama. Ruwa kusa, garuruwa kusa da juna, ba ka yini ba ka ga mutum ba. In ka ƙara gangarawa wajen Gesheme da Lido sai rogo da rake, can ƙasa kuma wajen Gaya giginya ta karɓi gari. Lokacin da ya fi daɗi shi ne Disamba da Janairu, daga asuba zuwa hantsi. Afrilu da Mayu kuwa zafi na wuce awo 40, ba lokacin yawon kallo ba ne. Wanda tilas ta sa shi tafiya a lokacin, shi ɗauki ruwa fiye da yadda shike zato, shi yi tafiyarshi da sanyin safiya da na marece.

Na koma Dutsi da mota daga Kore Mairuwa ran kwana na 4, ƙafa duk borori. Baba ya ce ba laifi, ta alli ce amma ta yi ƙoƙari.

Da aji ya koma, munka yi wani aiki da nike so kowane aji shi gwada. Munka fita fili munka zana ƙasarmu bisa rairayi. Makiyaya sunka ja layin burtali da sanda. Manoma sunka sa tsakuwa inda rijiyoyi suke. Mata sunka nuna ƙoramun da ke cika da wuri, don su ke ƙetare su zuwa itace. An yi gardama ƙwarai kan wani hurumi, har na ce a bar shi sai an tambayi ƴan Kofo. Sannan kowa ya kwafe zanen cikin littafinshi, ya rubuta sunan kowane wuri da hannunshi. Mun kai ma mai gari kwafi guda.

Baba ya daɗe duƙe bisa nashi. Da na zo dubawa, na iske ya sa ɗan gicciye a wurare 5 da babu su cikin zanenmu. Na ce: "Baba, waɗanga fa?" Ya rufe littafin ya ce: "Wuraren kwanana ne, Malam. Su ba a kai ma mai gari."

Ajin da ya yi nashi zane, shi aiko mana da labari ta hannun malaminsu. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen yasar rijiya kafin bazara.